Ranar da Sama'ilu Ya Jera Turanci Biyu-Biyu a Kasuwar Kebbe

A garin Kebbe akwai wani mutum mai suna Sama'ilu, yana da 'yar rumfa a bakin tasha inda yake sayar da kayan babur: filogi, sarƙa, taya, da baƙin mai a kwalba. Sana'ar ba ta da laifi, shi ma mutumin ba shi da mugunta. Ciwonsa ɗaya ne, Turanci. Tun yana saurayi ya taɓa yin gadi a sansanin wasu Turawa masu aikin hanya, ya dawo gida da tsohuwar hular kwano da wasu 'yan kalmomi da ba za su cika tafin hannu ba. Hular ta daɗe da zama mazubin ruwan kaji. Kalmomin kuwa ya riƙe su gam, kullum yana kaɗa su a gaban jama'a kamar mai kaɗa makullan gidan da ba nasa ba.

In ka zo sayen filogi sai ya tare ka da "Welcome, my friend." In ka ce ya yi tsada, sai ya ce "No problem," amma ba zai rage ba. Mutane suka sa masa Sama'ilu Bature, ya karɓi sunan hannu biyu, bai taɓa jin ba'ar da ke cikinsa ba.

Matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, gidan ya yi masa faɗi. Ana nan sai aka turo wata malamar firamare daga Tambuwal, sunanta Ni'imatu, ita ma mijinta ya rasu. Wata rana ruwa ya tsare ta a tasha, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta baburinsa ya mutu, Sama'ilu ya share mata benci, ya gyara babur ɗin da hannunsa, yana yi yana zuba mata Turanci. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Daga nan gaisuwa ta fara tsawo. Kafin damina ta ja baya, Malama ta ce ya tura manyansa wurin mahaifinta a Tambuwal.

Sama'ilu ya tura yayansa Sambo, manomi mai 'yan shanu, da goro da alewa. Shi kansa bai je ba, don mai neman aure ba ya zuwa ya tsaya ido da ido da uban mace. Manya ke shiga su fito. Sunan tsohon kawai ya sani, Malam Isah, da kuma cewa tsohon hedimasta ne.

Da Sambo ya dawo, ya zauna a bakin rumfa yana kankare taɓo daga takalminsa.

"Dattijo na mai sanyin magana," in ji shi. "Ya karɓi goro, ya yi addu'a. Sa'annan yac ce, mi yaron ka yi?"

"Yaro kuma?"

"Gare shi yaro kake. Nic ce mai, malamin Turanci na."

Ruwan da Sama'ilu ke sha ya sarƙe shi. "Yaya! Wa yac ce ka faɗi haka?"

"Kai mana. Shekara nawa kana cika muna kunne? Ga mutum littattafai har rufin ɗaki, in buɗe baki in ce mai filogi kaka saidawa?"

"To, mi yac ce?"

"Yac ce madalla, shi ma yana ɗan taɓawa. Za shi yi bincike, kana ya ba mu amsa."

Kowa ya san abin da bincike ke nufi. Za a tambayi maƙwabta, a tambayi liman, a tambayi 'yan tasha. Kuma duk wanda aka tambaya a Kebbe ko Sama'ilu malami ne, sai ya riƙe ciki don dariya kafin ya amsa. Tsoro ya kama Sama'ilu na ɗan lokaci. Amma tsoro ba ya daɗewa a jikinsa. Kafin Sambo ya gama da takalmi na biyu, ƙirjinsa ya fara kumbura.

"Ai ba ƙarya ka yi ba, Yaya. Ilimin na nan. Makaranta kawai ta rage in buɗe."

Washegari ya bi ta bayan ajin Malama, ya ji yara suna rerawa da ƙarfi: "Big, small! Tall, short! Hot, cold!" Kalma da akasinta, kalma da akasinta. Ya tsaya a gindin taga, dabara ta faɗo masa gaba ɗaya, har sai da ya dafa bango. Da aka tashi ya tare ta a hanya.

"Malama, kuna wahalar da yaran nan. Turanci ba a rera shi awa waƙa, nuna shi aka yi. Bature duk abin da ya ƙirƙira biyu-biyu ya yi shi. Ranar kasuwa zan jera su gaban jama'a, kowace kalma da akasinta, masu rai, ana gani ana taɓawa. Direbobi za su kai labari Tambuwal kafin magariba."

Malama ta daina tafiya. "Malam Sama'ilu, don Allah ka rufa wa kanka asiri. Baba ba ruwansa da sana'ar mutum in dai halas ce. Ƙarya ce ba ya so. Ka aika a ce masa kayan babur kake sayarwa, shi ke nan, ni na san yadda zan yi da sauran."

"No problem," in ji Sama'ilu.

"Akwai problem."

"Kin gani? Ko yanzu mun yi guda, kalma da akasinta. Abin a jinina shike."

Ya yayyanka kwalayen taliya, ya huda su ya sa igiya, ya rubuta kalmomi da ragowar fentin rumfarsa, harafi bayan harafi, harshe a waje. Daga nan ya shiga neman waɗanda za su rataya su.

Ya fara da Lauwali mahauci, mutumin da in ya ɗaga wa 'yan kabu-kabu hannu sai kowa ya yi kamar yana duba taya. Lauwali ya juya kwalin da hannu mai maiƙo.

"Mi wanga ka nufi?"

"Fat. Wato mutum mai cika ido, wanda in ya shigo taro kowa ka gyara zama."

"To, Bature ya san mutane," in ji Lauwali, ya ƙara masa guntun hanta kyauta.

Gazali tela, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, ya sami THIN. Aka ce masa ma'anarta mai kamun kai, wanda abin duniya bai dame shi ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi ma ya daɗe yana jin haka game da kansa. Bashar bakanike ya sami DIRTY, wato gwanin aiki wanda hannunsa ba ya hutawa. Akasinsa, CLEAN, aka ba wani ɗan kemis mai farar riga. Aka ari jaki aka rubuta masa SLOW, aka shirya babur aka rubuta masa FAST. Aka yi odar ƙanƙara daga Tambuwal, aka sa a dama kunu mai zafi.

Baƙi da fari kuwa, Sama'ilu ya ce ba abin da zai cika ido kamar bijiman yayansa biyu.

"Waɗanga biyu ko ga mashaya ba ni haɗa su," in ji Sambo. "Tun suna maruƙa ba su shiri."

"Ai shi ya sa, Yaya! Akasi na gaskiya ke nan."

Saura biyun ƙarshe, waɗanda za a rufe taro da su: WISE da FOOLISH, mai hikima da wawa. Na farkon ba sai an nemi mai shi ba, Sama'ilu ya ajiye wa kansa. Na biyun ya kai wa Saifullahi, ɗan kawunsa. Su biyun taubasai ne, tsakaninsu zagi wasa ne, ko a gaban sarki ba mai yin fushi. Don haka shi kaɗai aka gaya wa gaskiyar ma'anar kwalinsa.

"Na yarda in zama wawanka," in ji Saifullahi, "in dai akwai tsire."

Aka sayo tsire. Ya cinye, ya lashe yatsu, ya ce sai ranar kasuwa.

Ranar kasuwa Sama'ilu ya fito cikin farar babbar riga ta aro, ya kama fili tsakanin masu hatsi da kara, inda ake cinikin shanu. Ya yi hayar lasifikar wani mai tallar magani, aka ɗora ta a kan baro. Jama'a suka taru: mutanen Fakku da na ƙauyukan kewaye, masu awo, dillalai, mata masu fura da ƙorai a ka. Kowa da ke da kwali ya tsaya a layi yana gyara wuyan riga.

Da farko abin ya tafi daidai. Aka ɗaga kabewa da ɗan tumatir, jama'a suka amsa "Big! Small!" Aka fito da Lauwali da Gazali, aka yi ta tafi, Lauwali ya ɗaga hannu yana juyawa kamar ɗan takara, Gazali ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Daɗi ya kwashe Sama'ilu. Ya riƙe makirufo ya shiga ba da tarihin zamansa da Turawa, da yadda babbansu ya taɓa ce masa "Good man," da yadda suka yi kuka ranar rabuwa. Rana ta hau, ta miƙe, yana ta magana.

Da ya gama ya ce a kawo hot da cold, ya nemi wanda zai zo ya taɓa ya shaida wa jama'a. Wani ɗan tsoho ya fito daga gaba-gaba. Gajere ne, siriri, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, yana rataye da laima a hannu. Ba wanda ya san shi. Ranar kasuwa baƙi ba sa ƙirguwa. Ya naɗe hannun riga a hankali, ya tsoma yatsa a kwanon kunu, ya goge, ya tsoma a bahon ƙanƙara, inda ba abin da ya rage sai ruwa da ɗan ƙaiƙayi yana yawo.

"Malam," in ji shi cikin ladabi, "wanga ɗumi-ɗumi, wanga ma ɗumi-ɗumi. Wane na hot?"

Aka fashe da dariya.

"Ka zo a makare, tsoho," in ji Sama'ilu. "Da safe sun bambanta. Koma ka zauna. Fast da slow!"

Aka ja layi a ƙasa. Aka tsayar da jaki, wanda ya riga ya cinye rabin kwalinsa, aka tsayar da babur kusa da shi. Sama'ilu ya ɗaga hannu ya sauke. Ɗan kabu-kabu ya buga, babur ya yi tari ya yi shiru. Ya sake bugawa. Ya sauka ya tura, ya hau, ya sake sauka.

"Filogin wa anka sa mai?" wani ya yi ihu daga baya.

"Na Bature!" rabin tasha suka amsa.

"A bar wanga tukuna," in ji Sama'ilu, gumi na bin wuyansa. "Yaya, kawo black da white!"

Sambo ya shigo da farin bijimi ta gabas, wani makiyayi ya shigo da baƙin ta yamma. Bijiman suka hango juna, suka tsaya cak, suka fara tonon ƙasa. Daidai nan Sama'ilu ya matsa kusa da lasifika da makirufo a hannu, ta saki wata ƙara mai tsaga kunne. Shi ke nan. Bijimai suka haɗa ƙaho, jama'a suka dare. Jakin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba tun da aka haife shi ya ɗaga jela ya cilla, ya bi ta kan tabarmar mai tumatir, ya ture tiren mai gyaɗa, ya ɓace ta bayan masu tukwane, babur yana nan tsaye inda aka bar shi. Baƙin bijimi ya tura farin cikin kwatamin da ruwan jiya ya bari. Da farin ya miƙe, ko mai shi ba zai iya cewa wanne ne wanne ba. Ya fizge igiya ya nufi hanyar Fakku, Sambo ya bi shi a guje yana kiran sunan Allah.

Da hayaniya ta ɗan lafa, sai aka ji muryar ɗan tsohon nan, a natse kamar ba abin da ya faru.

"Malam, don in gane da kyau. Ke nan jaki na fast, babur na slow?"

"Jaki fast! Babur slow!" matasa suka ɗauka suna tafi. "Jaki fast! Babur slow!"

"Kuma black guda biyu nig gani. Ina white ya tafi?"

Sama'ilu ya harare shi. Tun ɗazu tsohon nan ke ɓata masa aiki. Amma akwai sauran dama: in biyun ƙarshe suka yi kyau, da su za a tashi, su ne labarin da zai isa Tambuwal. Ya rataya WISE a wuyansa, ya gyara shi a kan ƙirji, ya ɗauki ɗayan kwalin ya shiga kiran Saifullahi ta lasifika. Shiru. Ya sake kira. Sai wani ɗan kabu-kabu ya matso.

"Ya tafi Fakku gaisuwa tun da safe. Yac ce a gaya ma ya gode da tsire. Yac ce kwalin ka riƙe abinka, ya gwada, wuyanka kaɗai ya yi wa daidai."

Dariya ta sake tashi, ta fi ta ɗazu. Sama'ilu ya waiga dama, ya waiga hagu. Duk wanda ya kalla sai ya ja da baya. Idonsa ya sauka kan ɗan tsoho mai laima.

"Kai, tsoho mai yawan tambaya. Taho."

"Ni baƙo na, Malam."

"Baƙo ko ɗan gari, makaranta ba ta zaɓe. Taho, yau za ka yi suna."

Ya kamo hannunsa ya jawo shi tsakiyar fili, ya zura masa igiyar ta ka, har ta goge hularsa ta karkace. Tsohon ya gyara hula, ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge shi da bakin riga, ya sa, ya ɗago kwalin ya daɗe yana dubawa.

"To, Malam, mi shika nufi?"

Sauran duk Sama'ilu ya lulluɓe musu ma'ana, don 'yan gari ne, gobe za a haɗu. Wannan kuwa baƙo ne, kuma ya ci masa fuska. Ya kai makirufo baki.

"Jama'a, ku saurara! Wise, ni ke nan, mai hikima. Foolish, ga shi nan: wawa! Dolo! Wanda ka tambaya ba shi gane amsa! Ku ce wise!"

"Wise!"

"Ku ce foolish!"

Matasa suka amsa, amma dattawa suka yi salati suna girgiza kai. Lauwali mahauci kuwa, wanda ke tsaye a layi tun ɗazu, ya daina murmushi. Ya dubi kwalin tsoho, ya dubi nasa.

"Tsaya, Bature. Ashe cikin kwalayen nan akwai zagi? Ke nan kowane biyu, guda yabo guda zagi? To, ni da Gazali, wa anka zaga?"

"Ba kowa! Ku naku daban na, naku..."

"In an ba ni izini," in ji tsohon, "ina ɗan taɓawa." Ya matsa ya duba ƙirjin Lauwali. "Naka, mai ƙiba. Mai teɓa, in an so." Ya juya ga Gazali. "Naka, ramamme. Ku biyu ba wanda anka yaba."

"Ni fa, Baba?" in ji Bashar bakanike. "An ce min gwanin aiki."

"Ƙazami, ɗana. Ka yi haƙuri, ba ni na rubuta ba."

Ɗan kemis ya cire nasa kwalin a hankali ya sulale, ko da yake shi ba abin da aka yi masa.

"Mai teɓa!" in ji Lauwali. "Gaban surukaina na Fakku nika ɗaga hannu ina juyawa, ashe teɓa nika nuna musu! Har hanta na ba ka!"

"Ni da nika azumin Litinin da Alhamis," in ji Gazali, "ka ce kamun kai na!"

Bashar bai yi dogon bayani ba. Ya zo gaban Sama'ilu, ya buɗe tafukansa biyu da suka sha baƙin mai, ya goge su a kan farar rigar aro tun daga kafaɗa har gwiwa, ciki da baya, a tsanake.

"To, Malam, yanzu wa na dirty?"

Mai tumatir ta iso da ragowar tabarmarta, mai gyaɗa na biye da ita, mai jaki na tambayar wa zai nemo masa jakinsa. Ana cikin wannan sai ga Sambo ya dawo yana haki, taɓo har kunne, yana jan bijimi. Ya kutsa cikin taro zai fara faɗa, idonsa ya faɗa kan tsohon da ke tsaye da kwali a wuya. Sai ya miƙa wa na kusa da shi igiya, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Malam! Yaushe ka shigo gari ba mu sani ba?"

"Yaya," in ji Sama'ilu, "ka san shi?"

"In san shi? Wanga na Malam Isah! Uban Malama!"

Makirufo yana hannun Sama'ilu, kusa da bakin Sambo. Maganar ta fita ta lasifika, ta ratsa masu hatsi, ta kai har kara. Kasuwa ta yi tsit, har kukan wata tunkiya daga nesa ana ji.

Sama'ilu ya durƙusa. Ya sunkuyar da kai, don ba a kallon suruki cikin ido. Ya miƙa hannu zai cire kwalin, ya tuna ba a kai hannu wuyan suruki, ya janye. Ya tuna kuma ba zai yiwu a bar kwalin a wurin ba, ya sake miƙawa. Hannun ya yi ta zuwa yana dawowa kamar na mai ɗaukar garwashi. Malam Isah yana tsaye bai taimake shi ba.

Malama Ni'imatu ce ta cire shi. An tashi daga makaranta, ta ji sunan mahaifinta ta lasifika, ta ratso taron. Ta ɗaga igiyar a hankali yadda ba za ta taɓa hular ba, ta kifa kwalin a ƙasa. Sannan ta dubi Sama'ilu, ba da fushi ba, da wani abu da ya fi fushi nauyi.

"Filogi, Malam Sama'ilu. Filogi kawai na ce ka faɗa."

Malam Isah ya ninke tabarau ya mayar aljihu.

"Ɗiyata tac ce min mai kayan babur na, mutumin kirki. Yayanka yac ce malamin Turanci na. Magana ta rabu biyu, nic ce ba ni aike, bari in zo in gani da idona. Na kuwa gani. To, Malam, ɗalibi na da izinin tambaya guda ta ƙarshe?"

"Ranka shi daɗe," in ji Sama'ilu, yana magana da ƙasa.

"Mi na akasin yes?"

Duk cikin Turancin duniya ba kalmar da Sama'ilu ya sani kamar wannan. Tana kan harshensa, 'yar ƙarama, kuma ya san abin da za a yi da ita in ta fito. Ya share gumi da hannun riga, baƙin mai ya shafe masa goshi.

"Ranka shi daɗe, ita wagga kalma, Bature bai yi mata akasi ba. Ita kaɗai ya bari tilo."

Gefen bakin tsohon ya ɗan motsa. Ya juya ga jama'a, ya ɗaga laimarsa kamar yadda ya saba ɗaga alli a gaban aji.

"Jama'a, akasin yes?"

"No!"

Kasuwa gaba ɗaya ta amsa, masu awo da dillalai da mata masu fura, muryar Lauwali ta fi ta kowa.

"Ka gani, makarantarka ta yi albarka," in ji Malam Isah. "Sambo, kun ji amsa. Ba sai kun sha wahalar hanya ba."

Ya buɗe laima, Malama ta bi bayansa, jama'a suka buɗe musu hanya har tasha.

Kwanaki Sama'ilu yana buɗe rumfa yana rufewa ba a ji bakinsa ba. Mai sayen filogi ya zo, ya miƙa masa, ya ce "Allah amfana," da Hausa zalla. Da zangon karatu ya ƙare Malama ta koma Tambuwal, ba ta dawo ba. Har 'yan tasha suka fara jin tausayinsa, suka ce gara da yana damunsu.

Wata yamma Saifullahi ya zo ya zauna a bakin rumfa, ya tambaya ko akwai wani kwalin da ake neman mai ratayawa, don yunwa yake ji. Sama'ilu ya daɗe yana kallon hanyar da motocin Tambuwal ke bi. Sannan ya gyara zama, ya yi gyaran murya, 'yan kabu-kabu suka waigo.

"Ku dai faɗi gaskiya tsakaninku da Allah," in ji shi. "Duk ƙasar Kebbe, tun kakanni, wa anka taɓa hana wa mata da Turanci in ba ni ba?"